KAMU BIYU YADI ƊAYA, AMMA DA HANNUN WA?

  

Maganarmu ta wannan mako a kan awon tsawo take, musamman awon tufa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai sayar da yadi a kasuwar Ringim, ko Gujungu, ko Shuwarin, balle a ce Salla ta gabato, ya san cewa ba da baki ɗaya ake magana a wurin ba. Tsohuwa ta zo daga ƙauye ta ce a yanko mata kamu takwas. Tela ya aiko yaro da 'yar takarda an rubuta yadi huɗu. Shi kuwa mai rumfa, wata shaddar da ya saro daga Kantin Kwari a Kano, mita aka rubuta a jikinta. Abin da ke haɗa waɗannan mutane shi ne lissafin nan da kowa ya haddace tun yana yaro, watau kamu biyu yadi ɗaya. Lissafin daidai ne, amma yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake mantawa da shi. Ta nan haƙƙin wani ke faɗawa aljihun wani, wani lokaci da gangan, sau da yawa kuwa ba tare da kowa ya lura ba.

AWON KAKANNINMU

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe da jikinsa yake awo. Kamu, wanda malamai ke kira zira'i, shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa. Ɗani shi ne buɗin babban yatsa zuwa dogon yatsa, taƙi kuwa ya ɗan gaza shi, domin a manuniya yake tsayawa. Idan mutum ya ware hannuwansa biyu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan ita ce gaba, wadda ake lissafa ta kamu huɗu, kuma da ita ake faɗin zurfin rijiya da tsawon igiyar guga. Da waɗannan ma'aunai ne ƙasar Kano, wadda Ringim ke cikinta har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta yi cinikin tufafin da ya kai sunanta Tambutu da Tarabulus. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga nan kowace shekara ba su gaza na wuri miliyan 300 ba.

Wani zai ce, to, in haka ne ai kamu bai cuci kowa ba. Sai dai a dubi yadda cinikin yake a wancan zamani. Masaƙi da mai saye galibi sun san juna, ko kuwa akwai dillali a tsakani wanda kasuwa ta san hannunsa. Mai saye yakan warware zugun ya maimaita awon da nasa hannun, in bai gamsu ba a sake daidaita kuɗi. Hannu biyu ke awo, ido huɗu na kallo.

Jirgin ƙasa ne ya sauya al'amarin. Ya iso Kano a 1911, sa'an nan reshen da ya ratsa ta Ringim ya kai Nguru a 1930. Kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kantuna a tashoshi, manomi ya sayar da gyaɗarsa, ya juya ya sayi akoko da alawayyo, akawu yana auna masa da sanda. Ma'aunin ya yi ƙarfi har sunansa ya rinjayi abin da ake aunawa, shi ya sa har yau tufar kanti ita kanta yadi muke ce mata. Mutanenmu suka gwada sandar da hannu, suka ga ta yi kusa da kamu biyu na matsakaicin mutum, sai aka tafi a kan haka.

Abin sha'awa shi ne, shi ma yadin daga jikin mutum ya samo asali. Wani marubucin tarihi na Ingila ya ba da labarin cewa Sarki Henri na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135, ya ga 'yan kasuwa suna ha'inci da awo, sai ya sa aka mai da tsawon hannunsa ma'aunin ƙasa. Bambancinmu da su shi ne, su sun zuba nasu a ƙarfe sun kulle. A 1824 majalisarsu ta ayyana wata sandar tagulla a matsayin uwar yadi. Gobarar da ta cinye majalisar a 1834 ta lalata sandar, aka yi shekaru ana aikin ƙera wata, aka tabbatar da ita a 1855. Daga bisani, a 1959, Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suka yi ittifaƙi cewa yadi ɗaya santimita 91.44 ne cif. Wannan shi ne yadin da ke jikin tef ɗin kowane tela a yau: ƙafa 3, ko inci 36. Rabinsa, watau abin da kasuwa ke nufi da kamu, inci 18 ne, ko santimita 45.72.

INCI GUDA BA RAINI BA NE

Idan an tsaya a kan wannan, lissafi ba shi da wuya. Mai yadi yana son kamu, sai ya ninka biyu. Mai kamu yana son yadi, sai ya raba biyu. Turmin atamfa mai yadi 6 kamu 12 ke nan, kuma zanen ɗaurawa mai yadi 2 shi ne kamu 4, watau gaba ɗaya. Kamu takwas ɗin tsohuwar nan da yadi huɗun tela abu guda ne.

To, amma Allah bai halicci hannuwa da sanda ɗaya ba. A tara maza goma a kasuwa a gwada kamunsu da tef, za a sami mai inci 17, da mai 18, da mai 19, har da wanda ya wuce haka. Mu ƙaddara magidanci ya zo sayen yadi 10 na babbar riga da 'yar ciki da wando, mai rumfa kuwa gajere ne, kamunsa inci 17. Ya ƙirga kamu 20 ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba, ya yanka. Abin da ya bayar inci 340 ne maimakon 360. An tauye inci 20, watau fiye da kamu guda. Idan a ce yadi naira 3,000 ne, kusan naira 1,670 ta shiga aljihunsa ba da haƙƙi ba, alhali kuwa zai iya dafa Alƙur'ani ya rantse kamu ashirin ya ƙirga, kuma bai yi ƙarya ba. Mai saye ba zai gane ba sai tela ya aiko cewa yadi bai isa hannun riga ba, ana jibi Salla. In kuwa dogo ne mai inci 19, shi ne zai cuci kansa da inci 20 a kowane yadi 10, ko ya cuci ubangidansa idan yaron shago ne.

Wannan na wanda bai yi nufin cuta ba ke nan. Masu nufinta kuwa hanyoyinsu sanannu ne. Akwai mai jan tufa da ƙarfi a kan sanda har ta miƙe, in an sake ta ta koma. Akwai mai lanƙwashe yatsu in zai sayar, ya miƙe su sarai in zai saya. Akwai masu awon yadi daga hanci zuwa ƙarshen yatsa, wanda juya fuska kaɗan ya isa ya ci inci biyu ko uku. Akwai sandar da bakinta ya cinye saboda tsufa, mai ita ya sani, ya ƙi sakewa. Har ila yau ya kamata teloli su lura da irin tef ɗin nan mai araha da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, domin wani da incin can ƙasar aka zana shi, wanda ya kai santimita 3.3, alhali incin da muka sani santimita 2.54 ne. Gwajinsa mai sauƙi ne: a juya bayan tef a duba, lamba 36 ta inci dole ta faɗa a kan santimita 91 da ɗan ɗoriya. In ba ta faɗa nan ba, a jefar da shi.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Babu Musulmin da bai san cewa Allah Ya saukar da sura sukutum da sunan masu tauye awo ba, watau Suratul Muɗaffifina, inda Ya yi musu alkawarin azaba, Ya kuma siffanta su da masu cika wa kansu in sun karɓa, su rage in za su bayar. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina, mutanenta suna cikin mafi munin masu awo, da surar ta sauka sai suka gyara. Mutanen Madyana kuwa, jama'ar Annabi Shu'aibu, tauye mudu da sikeli na cikin laifuffukan da aka halaka su a kai. Kada wani ya ce ai mudu da sikeli aka ambata, ba a ambaci sandar yadi ba. Malamai sun shigar da awon tsawo da ƙirga a cikin hukuncin, domin illar guda ce, cin dukiyar mutane ta hanyar ragi.

Amma abin da nake son 'yan kasuwarmu su lura da shi ya wuce wa'azin da suka saba ji. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu muke karantawa a zaurukanmu, sun yi magana a kan wannan mas'ala ta hannu da sanda ita kanta, kuma sun tsettsefe ta. Asalin ƙa'idar shi ne, sharaɗi ne abin sayarwa ya zama sananne, gwargwadonsa da siffarsa, domin jahiltarsa garari ne, garari kuwa yana ɓata ciniki.

A babin cinikin salam, watau a ba da kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, kamar yadda ake ba masaƙi kuɗin aiki, Shaihu Halilu ya kawo a cikin Muhtasar cewa ya halatta a ƙulla ciniki da kamun wani mutum ayyananne. Masu sharhi suka ce da sharaɗin a ga hannun nasa. Suka ƙara da cewa idan ana tsoron zai yi tafiya, sai a ɗauki gwajin hannun a ajiye wurin wani adali, ko kowane ɗaya daga cikin masu cinikin ya riƙe nasa gwajin. Har ma sun tattauna abin da za a yi idan mai hannun ya rasu ba a ɗauki gwajin ba, aka kuma yi jayayya: suka tsara wa alƙali yadda zai bi da rantsuwa, suka ce ba za a tone kabarinsa don a gwada hannunsa ba, ko da yanzu aka rufe shi. Mai karatu zai iya yin murmushi, amma ya duba abin da ke ƙarƙashin maganar. Malaman nan ba su yarda kalmar kamu ita kaɗai ta isa ba. Sai an san hannun wa, kuma da zarar an san shi, maslaha ita ce a mai da shi sanda.

Sa'an nan Ibn Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba, ya rufe ƙofar da cewa wannan sauƙi yana nan ne idan hukuma ba ta kafa wa mutane ma'auni ba. In ta kafa, to, shi ake bi, kuma barinsa a koma ga hannun wani daidai yake da barin sanannen mudu a koma ga wanda ba a sani ba. Shugabannin Musulmi kuwa sun daɗe da kafawa. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa zira'i iri bakwai a cikin littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya. Ya ba da labarin yadda Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya fitar da nasa: ya haɗa hannu mafi tsawo da mafi gajarta da matsakaici, ya ɗauki sulusin jimlarsu, ya yi ɗan ƙari a kai, ya sa aka toshe bakin sandar biyu da darma, ya aika wa Huzaifa da Usmanu ɗan Hunaifu suka auna gonakin Iraƙi da ita. A dubi hikimar darmar nan. An sa ta ne don kada wani ya fere bakin sanda.

A ganina, hukuncin da ya shafe mu a fili yake. Idan tsohuwa ta ga hannun mai rumfa, ta ga ƙyallen da ya ware mata, suka yi ciniki a kan wannan ƙyallen da ke gabansu, ba wanda zai ce cinikinsu ya ɓaci. Inda matsala take shi ne a auna da hannu a karɓi kuɗin yadi. Duk wanda ya ambaci yadi ya yi alkawarin inci 36, kuma hannunsa ba shaida ba ne a kan haka.

Haka nan mai Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya hana sayen tufar da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, ko sayenta cikin duhun dare inda ba a iya dubawa. Masu cinikin daren jajibere a ƙarƙashin fitilar da ba ta da ƙarfi sai su kula. Amma ya halatta sayen dila a ɗaure bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, kuma Imam Malik a cikin Muwaɗɗa ya ce irin wannan ciniki yana lizimtar mai saye matuƙar kayan sun dace da abin da aka rubuta. Wannan shi ne matsayin turmin atamfa da ake saye a naɗe. Rubutun yadi 6 da ke jikinsa alkawari ne. In an warware aka tarar biyar da rabi ne, ba a cika sharaɗi ba, kuma ɗan kasuwar da ya san haka kayansa suke ya yi shiru, ba zai fake da cewa ba shi ya saƙa ba. Wannan ha'inci tsoho ne. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 sai da gwamnatin Ikko, watau Legas, ta yi doka a kan tufafin da ake shigowa da su a ninke, ta wajabta kowane ninki ya cika inci 36, saboda waɗansu kamfanonin Turai suna rage ninkin don sun san masu saye ninki suke ƙirgawa.

Game da gyara kuwa, watau ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi bayan awo ya cika, abu ne mai kyau. Ya zo a hadisin Suwaidu ɗan Ƙaisu, wanda ya kawo tufafi Makka daga Hajar, cewa Annabi ya sayi wando a wurinsu, ya umarci mai awon kuɗin da ya rinjayar. Su ma 'yan kasuwar Ingila sun taɓa yin al'adar ƙara faɗin hannu a kan kowane yadi, har aka yi doka a 1439 aka mai da ƙarin inci guda. Sai dai gyara bayan cika take zuwa. Wanda ya tauye inci 20 ya yi gyarar inci 2 bai yi kyauta ba.

WANI HANNUN DABAN

A nan akwai wani tarko da ya fi kama 'yan boko. Turawan Ingila suna da wani ma'auni da su ma suke kira hannu, amma faɗin tafi suke nufi, kuma sun tsayar da shi a inci 4. Saboda haka a lissafinsu hannu 9 ne yadi ɗaya, kamunmu guda kuwa hannunsu huɗu da rabi ne. Wanda ya tambayi wayarsa hannu nawa ne a yadi, tara za ta ce masa, in ya kai wannan rumfar yadi sai a yi masa dariya. A yau dawaki ake aunawa da shi, daga ƙasa zuwa inda wuya ya haɗu da gadon baya. Mai neman dokin hawan Salla ko na folo, in an ce masa doki hannu 15 ne, inci 60 ake nufi, watau yadi ɗaya da ƙafa biyu. In an rubuta 14.2 kuwa, ma'anarsa hannu 14 da inci 2, jimla inci 58. Littattafan fiƙihu ma suna da irinsa, wanda suke kira ƙabla, watau faɗin yatsu huɗu a jere, kuma a lissafin da ya fi shahara guda shida ne ke yin zira'i. Amma ta malamai ta fi ta Turawa ƙanƙanta, ba ta wuce inci uku da 'yan kai ba.

MITA TA SHIGO TSAKANI

Bayan an canja kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, sai dokar awo da ma'auni ta 1974 ta ɗora Nijeriya a kan tsarin mita. Ofisoshi suka bi, kasuwar tufa kuwa ta riƙe yadinta. Mita ta fi yadi da santimita 8.56, kusan inci uku da sulusi. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce, mita 10 kusan yadi 11 ce. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar da ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis da mita aka koya musu awo a makaranta, saboda haka mai hulɗa da su ya tabbata sun fahimci juna kafin almakashi ya shiga.

Babu laifi mutum ya saro da mita ya sayar da yadi, muddin abin da ya ambata shi ya bayar. Amma akwai wani wuri mai santsi. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sukan ce wa mai saye, wallahi dubu uku na saro, ɗora mini ɗari biyu. Wannan shi ne cinikin murabaha, kuma an gina shi ne a kan amanar faɗin gaskiyar uwar kuɗi. Idan naira 3,000 ɗin kuɗin mita ce, to, yadi ya faɗo masa a kan naira 2,743 ne. Ya ci riba biyu, guda a fili guda a ɓoye, ya kuma haɗa da rantsuwa.

Ma'aikatan gwamnati su ma kada su ɗauka maganar ta 'yan kasuwa ce kaɗai. Jami'in da aka ba amanar karɓar tufar kayan makaranta ko zannuwan gadon asibiti, takarda ta ce mita 1,000, ɗan kwangila ya kawo yadi 1,000, in ya sa hannu ya yafe mita 85.6 daga dukiyar jama'a, fiye da yadi 93. Haka abin yake a fuloti. Wanda ake ce wa ƙafa 100 da ƙafa 50, a mita 30.48 da 15.24 yake. Mai awo ya ce bari a cike lissafi, 30 da 15. Ragowar da ta bi iska murabba'in mita 14.5 ce, daidai da ɗaki guda mai ƙafa 12 da 13. Masu rabon gadon gona da igiya su ma su tabbata igiya ɗaya aka yi wa kowa awo da ita, mutum ɗaya ya ja ta, domin a fili kuskuren tsawo da na faɗi haɗuwa suke yi.

ZIRA'IN IBADA

Saura wurin da awon ya shiga ibada. Na farko likkafani. Abin so a mazhabarmu shi ne a sa wa namiji guda biyar, riga da rawani da gyauto da mayafai biyu, mace kuwa bakwai, kuma a bar wa rawanin jela kamar zira'i guda. Tsayin mutum yana kusa da kamu huɗu na hannunsa, mayafi kuma yana bukatar rarar da za a ɗaure ta kai da ta ƙafa. Dattijon da zai yi suturar yakan faɗi bukatarsa da kamu, a aiki yaro kasuwa da gaggawa. Idan mamacin dogo ne aka auna da gajeren hannu, sai a zo ana ja ana ƙari a lokacin da ba a son jinkiri. Abin da ya fi shi ne a gwada tsayin da igiya ko kara, a tafi da shi rumfa a ɗora a kan sanda.

Na biyu tazara. Risala ta ce halartar Juma'a ta wajaba a kan wanda ke cikin gari da wanda ke mil uku ko ƙasa da haka daga gare shi, kuma ana yin ƙasaru a tafiyar mil 48. Wannan mil ba na Turawa ba ne, da zira'i ake lissafa shi, kuma malamanmu sun saɓa. Akwai ƙaulin zira'i 2,000, wanda aka ce shi ne mashhuri, akwai kuma na 3,500, wanda Ibn Abdil Barri ya inganta, malamai da yawa suka bi shi. Wani abin mamaki, in aka ɗauki 3,500 aka raba biyu bisa lissafin kasuwa, sai a sami yadi 1,750, milin Turawa kuwa yadi 1,760 ne. Saboda wannan kusanci ne waɗansu suka ɗauka abu guda ne. A kan wannan ƙauli, mil ukun Juma'a ya kama kimanin kilomita 5, abin da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Ringim za su iya gwadawa da babur.

Amma zira'in littafi ba lalle ne ya zama rabin yadi ba. Masu binciken zamani da suka yi ƙoƙarin mai da shi santimita sun sa shi tsakanin 46 da 50, da yawansu suka tsaya a 48. Bambancin santimita biyu da 'yan kai a kamu guda kamar ba kome ba ne, sai an ninka shi. Mil 48 sau 3,500 ya ba da zira'i 168,000. Da kamun kasuwa, tazarar ƙasaru ta kama kilomita 76.8. Da zira'i mai santimita 48 ta kama 80.6. Da mai santimita 50 kuwa, 84. In aka bi ƙaulin 2,000, sai ta sauko zuwa wajen kilomita 46, ko da yake malamai sun kuma siffanta tazarar da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya, wanda ya fi dacewa da babban adadin.

Ga mutumin Ringim wannan ba lissafin allo ba ne. Tsakaninsa da Kano kilomita saba'in da wani abu ne, watau dab da iyaka, kuma 'yan kasuwa da ma'aikata suna bin hanyar nan kullum, Azahar da La'asar suna riskarsu a can. Bugu da ƙari, ba daga tasha ake fara ƙirga ba, daga ƙarshen gine-ginen gari ne, garuruwan biyu kuwa kullum faɗaɗa suke yi, saboda haka abin da kakan mutum ya lissafa a zamanin jirgin gyaɗa ba lalle ya zama shi ne na yau ba. Wannan fili ba zai yanke wa kowa fatawa a kan sallarsa ba. Mai mota ya duba agogon kilomita daga inda gidajen Ringim suka ƙare, ya kai wa malaminsa adadin da ya samu, ya kuma tambaye shi mil ɗin da yake bi zira'i nawa ne, zira'in kuma santimita nawa.

Allah Shi ne Mafi sani.